Da gaske ne haske kaɗai zai iya tona asirin ƙwayar ciwon daji tana raye?

Ummu_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga likitoci da masana kimiyyar da ke wannan zaure. Ƙanwata da ke karantar gwaje-gwajen asibiti ce ta ce mini wai akwai hanyar da ake haska ƙwayoyin halittar jiki, a karanta yadda hasken ya watse ya dawo, daga nan a gane ko ƙwayar ta fara rikiɗewa zuwa kansa, wato ciwon daji. Wai ba yanka, ba rini, kuma ƙwayar tana nan da ranta. Ni dai abin bai shige ni ba. In gaskiya ne, me ya sa har gobe ake yankar nama a kai ɗakin gwaji, mutum ya yi ta zaman jiran sakamako makonni?

Bala_SabonGari:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki yi hattara. Akwai masu yawo ofis-ofis da wata 'yar na'ura, ka riƙe ƙarfe minti ɗaya, kwamfuta ta zubo maka takarda cike da cututtuka, sannan su buɗe jaka su sayar maka da maganin. Ni duk abin da aka ce yana gano ciwo ba jini ba yanka, na san inda za a ƙare.

MalamFiziks:
Malam Bala, waccan damfara ce, ba musu. Amma abin da Hajiya ta tambaya ilimi ne na gaske, kuma tushensa ya girmi kakanninmu.

Ku ɗaga kai ku dubi sama. Da damina bayan an ɗauke ruwa shuɗiya ce tas, da hunturu kuwa fari-fari take, rana ma kamar an rufe ta da mayafi. Rana ɗaya ce, abin da hasken ke karo da shi ne ya canza. Idan ƙwayoyin iska ne, waɗanda suka fi zangon haske (wato tsawon kaɗawarsa guda) ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shuɗi ya fi ja watsuwa kusan ninki shida. Wani Bature ɗan Ingila, Lord Rayleigh, ya yi lissafin wannan a 1871. Idan kuwa ƙurar hazo ce, wadda girmanta ya kai zangon hasken ko ya fi shi, duk launukan suna watsuwa kusan daidai, sai a ga fari. Lissafin wannan kuma Bajamushe Gustav Mie ne ya fitar a 1908.

To ai ka ga ke nan hasken da ya watse yana ɗauke da labarin girman abin da ya watsa shi. Hasken da ido ke gani zangonsa tsakanin nanomita 400 ne zuwa 700 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya, maikromita kuma dubu ɗaya). Cibiyar ƙwayar halitta, inda DNA ke dunƙule, 'yan maikromita ce, kuma ta fi ruwan da ke kewaye da ita kauri, don haka tana watsa haske sosai. Idan ka tura farin haske, ka raba wanda ya dawo launi-launi, za ka ga ƙarfinsa yana hawa yana sauka. Yawan wannan hawa da saukar ya danganta da faɗin cibiyar. Lissafin Mie sai ya mayar maka da shi zuwa maikromita.

Issoufou_Damagaram:
Malam, ƙurar nan da kake magana ai ta kanmu take fara bi. Daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa. Mu nan idan ta yi ƙarfi ko gidan maƙwabci ba ka hange. Ban taɓa zaton tana da alaƙa da aikin likita ba.

Ummu_Hanifa:
Na gode Malam. To amma mene ne haɗin girman cibiyar da kansa?

Dakta_Nafisa:
Yaya Ummu Hanifa, wannan ɓangarena ne, aikina ke nan duba nama a madubin likita. Abin da muke nema kullum shi ne cibiyar. Ta lafiyayyar ƙwaya a shimfiɗar da ta lulluɓe hanji ko maƙoshi ba ta cika wuce maikromita 4 zuwa 7 ba, kuma a jere suke, kowace a mazauninta. Idan ɓarna ta fara, sai cibiyoyin su kumbura, wasu har su doshi maikromita 20, su yi duhu, su cunkushe, wannan babba wancan ƙarama. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kansa daga irin wannan shimfiɗa ta sama suke farawa, shi ya sa maganar haska saman nama take da ma'ana.

Amma kafin naman ya iso idona ga abin da ya sha: an jiƙa shi a fomalin, an tsotse ruwansa da sinadarai, an dafa shi cikin kakin farafin, an yanka shi siriri maikromita 3 zuwa 5, an rina shi shuɗi da ruwan hoda. Kilishi nake dubawa. Zan iya gaya miki naman me ne, amma ba zan iya gaya miki yadda saniyar ke tafiya ba. A nan ne masu haske suka fi mu.

Sai dai kar a ce sun maye gurbinmu. Sakamakon da nake rubutawa ba "akwai kansa" ko "babu" ba ne kawai. Wace iri ce, ta kai wane mataki na muni, ta keta shimfiɗar ta shiga ciki ko ba ta shiga ba, gefen abin da likitan tiyata ya yanko yana da tsabta ko an bar saura. A kansar mama sai mun gwada ko tana amsa sinadarin estirojin, ko tana da wani furotin da ake kira HER2, domin da wannan ake zaɓar magani. Ba wani likitan kansa da zai ɗora mace a kan kemo, maganin kashe ƙwayoyin kansa, saboda layin da ya hau ya sauka a allon kwamfuta.

Sadiq_Optics:
Bari in ƙara tarihin, don fannin da nake karatu ne. A ɗakin binciken haske na jami'ar MIT da ke kusa da Boston a Amurka aka gina wannan dabara, ƙarƙashin Farfesa Michael Feld. Lev Perelman da abokansa suka nuna a 1998 cewa ana iya auna girman cibiyoyi daga hasken da nama ya mayar. A 2000 Vadim Backman da su suka buga a mujallar Nature cewa sun gwada a jikin mutane, a maƙoshi da hanji da mafitsara da cikin baki.

Wahalar da suka sha ita ce, yawancin hasken ba ya tsayawa a sama. Yana nutsewa cikin nama, ya yi ta karo, jini ya shanye wani, sannan ya fito a hargitse ya binne ɗan wanda ake so. Dabarar da suka yi ita ce su tace hasken tun kafin ya shiga, ya zama yana kaɗawa ta fuska ɗaya. Wanda ya bugi cibiyar sama sau ɗaya ya dawo yana riƙe da wannan fuskar, wanda ya yi yawo a ciki ya rasa ta. Sai a auna duka biyun a debe.

Bala_SabonGari:
Tun 2000? Yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan. In abin kirki ne da tuni yana kowane asibiti kamar hoton ciki.

Sadiq_Optics:
Tambayarka a kan hanya take Malam Bala. Aikin bai tsaya ba dai. Perelman ya koma asibitin Beth Israel Deaconess na Harvard, a 2010 suka fito da na'urar da ke bi ta cikin bututun duba ciki tana share bangon maƙoshi gaba ɗaya, a masu lalurar Barrett, inda tsamin ciki ke canza shimfiɗar maƙoshi har wani lokaci ta rikiɗe zuwa kansa. Su waɗannan marasa lafiya, yadda aka saba shi ne a tsinko nama wuri huɗu a kowace santimita ɗaya ko biyu, kusan a makance, don ɓarnar farko ido ba ya ganinta. Na'urar tana nuna wa likita inda zai tsinka. Wato ba ta hana yankan ba, ta gyara masa saiti ne.

Amma daga "ya yi aiki a marasa lafiya 'yan goma a asibiti ɗaya" zuwa "hukuma ta yarda, kamfani ya ƙera, inshora ta biya" tafiya ce mai nisa, kuma dabaru da yawa a hanyar suke mutuwa.

Dakta_Nafisa:
Kuma ka lura da ciwon da suka zaɓa. Barrett matsalar Turawa ce galibi, mu nan ba mu cika ganinta ba. Abin da ke cika mini tebur shi ne mama, bakin mahaifa, furosteti, sai mafitsara a yankunan da tsargiya ta yi katutu. Kowa ciwon gidansu yake bincike.

Nas_Rakiya:
Dakta, ni fa duk bayanin nan sai nake ganin kamar abin da muke yi ne da ruwan kal. Idan muna duba bakin mahaifa, mukan shafa ruwan kal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5, mu jira minti ɗaya, mu haska da fitila. Wurin da ke da matsala sai ya yi fari. Ko ba shi ba ne?

MalamFiziks:
Sista Rakiya, kin harbo tsakiya. Shi ne, sai dai na'urar awonki ido ce. Tsamin yana sa furotin ɗin cikin cibiya ya dunƙule na ɗan lokaci, sai ta ƙara watsa haske. Inda cibiyoyi suka yi girma suka cunkushe, hasken ba ya samun hanyar wucewa ya tarar da jan jinin da ke ƙasa, sai ya dawo fari. Abin da su Sadiq ke yi shi ne su sa lamba a kan abin da idonki ke ƙiyastawa.

Nas_Rakiya:
Allah sarki. To lambar kam muna buƙatarta, don wani farin sai mu biyu mu duba mu saɓa. Kumburi na sanyi ma yakan yi fari. Kuma tunda mata sun shigo, don Allah a kai 'yan mata rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa. Tun Oktoban 2023 aka fara a Najeriya ga masu shekara 9 zuwa 14, kyauta ne. Ƙiyasin 2020 ya nuna mata kusan 12,000 ke kamuwa da kansar bakin mahaifa a shekara a ƙasar nan, kusan 8,000 ke rasuwa.

Abban_Khalil:
Ni ban gane ba. Ba wannan hasken ba ne ake gasa masu kansa da shi? Mahaifiyata ta sha gashi, fatarta har ta yi baƙi. Ta yaya za a ce ƙwaya tana raye bayan an haska ta?

Dakta_Nafisa:
Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ba ɗaya ba ne. Na gashi haske ne mai tsananin ƙarfi wanda aka tsara don ya karya DNA ya kashe ƙwayar. Wannan kuwa farin haske ne irin na fitila, ko leza mai rauni. Shi tambaya yake yi, ba magani ba ne.

Hadiza_Raman:
Dakta, in ɗan sa baki, "mai rauni" ɗin nan ma akwai magana a kai. Ina digiri na uku a waje, kuma aikina ke nan kullum, haska rayayyun ƙwayoyin kansa da leza. Tawa hanyar, wadda ake kira Raman, daban ce da ta Sadiq. Shi yana auna hasken da ya dawo da launinsa, ya san girma. Ni ina farautar ɗan ƙalilan ɗin da ya dawo da launinsa a canje, don ya ba wa sinadaran cikin ƙwayar wani abu daga ƙarfinsa. Kusan ɗaya ne cikin miliyan goma. Kowane sinadari da irin canjin da yake yi: DNA da nasa, furotin da nasa, kitse da nasa. Akwai wani tsini da ke fitowa a lamba 1003, na fenilalanin, ɗaya daga tubalan furotin, duk mai wannan aiki ya san shi kamar sunansa.

Tun 1990 Gerwin Puppels da abokansa a jami'ar Twente ta Holan suka fara ɗaukar wannan daga ƙwaya ɗaya mai rai, kuma su ne suka nuna cewa koren leza mai nanomita 514 yana lalata ƙwayar, ja mai 660 kuwa ba ya yi. Yawancinmu yanzu 785 muke amfani da shi. Duk da haka in ka ƙara wuta don ka samu sigina mai kyau, kana kallo ƙwayar za ta fara fitar da ƙuraje a gefenta ta tattare. In ka rage, sai ka yi ta jira, ita kuma ba ta zama wuri ɗaya, tana rarrafe.

Sauran wahalhalun ba a rubuta su a takarda. Ƙwayoyin suna son zafi 37 da iskar kabon kashi 5, in ka fito da su suka daɗe sai su fara canzawa, ka zo kana auna wahalarsu kana zaton halinsu ne. Ruwan da ake kiwonsu a ciki yana da jan rini, dole a canza shi. Gilashin da aka saba shi ma yana fitar da nasa hasken ya rufe komai, sai ka sayi faranti na kalsiyam fulorayid mai tsada, kana wanke shi kamar ƙwai. Fitilar ɗaki a kashe. Wani lokaci ka ga wani dogon tsini ya fito ka fara murna, ashe burbushin hasken sararin samaniya ne ya bugi kyamarar.

DanBirni01:
Anti Hadiza, duk wannan wahalar a kan me? Ba gara a kashe ta a rina a huta ba?

Hadiza_Raman:
A kan abin da matacciya ba za ta gaya maka ba. Ka zuba maganin kemo a faranti mai ƙwayoyi dubbai. Yawancinsu za su mutu, 'yan kaɗan su tsira, kuma waɗannan 'yan kaɗan su ne ke dawo da ciwon bayan shekara. In ka kashe su ka rina a awa na shida, ka ga yadda suke a awa na shida, amma ba za ka taɓa sanin wacce ce za ta tsira ba, tunda ka riga ka kashe ta. Ni ina iya bin ƙwaya guda, in ga yadda take kafin magani, da bayan awa biyu, da washegari.

Har maganin kansa ana iya gani. Akwai wani fili a ma'aunin, tsakanin 1800 da 2800, da ƙwayar halitta ba ta cewa komai. Wasu magunguna kamar erlotinib suna da tsini a daidai wurin. Sai ka ga ko ya shiga, da kuma lungun da ya taru, ba tare da ka maƙala masa wani rini da zai canza halinsa ba.

Sadiq_Optics:
Maganar rini ta tuna mini. Backman yana jami'ar Northwestern yanzu, kusa da Chicago. A 2016 ɗalibansa suka fito da hanyar kallon yadda DNA ke dunƙule a cibiyar rayayyar ƙwaya, a ma'aunin nanomita 20 zuwa 200, ƙasa da abin da madubin likita ke iya rarrabewa. Ku tuna DNA ɗin ƙwaya ɗaya in an miƙe shi ya kai mita biyu, duk a cushe a wannan 'yar cibiya. Da suka gwada rinin Hoechst, wanda masu bincike suka daɗe suna amfani da shi don ganin DNA a rayayyun ƙwayoyi, sai suka ga da zarar an haska shi yana karya DNA ɗin, tsarin cibiyar ya canza cikin daƙiƙoƙi. Wato ma'aunin da kansa yana ɓata abin da ake aunawa.

A 2017 kuma suka nuna cewa ƙwayoyin da dunƙulewar DNA ɗinsu ta fi hargitsi sun fi jure kemo, kuma da suka haɗa kemo da wasu tsofaffin magunguna, selekoksib da digoksin, ƙwayoyin da suka mutu sun ƙaru sosai.

Dakta_Nafisa:
A FARANTI. Don Allah a ja layi a ƙarƙashin wannan. Sadiq, ka san zauren nan akwai masu jinya. Digoksin maganin zuciya ne, tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa kaɗan ce ƙwarai. Kar wanda ya je kemis ya ce ya karanta a nan. Abubuwan da ke kashe kansa a faranti ba su ƙirguwa, har ruwan bilic yana yi.

Famasist_Auwal:
Na goyi bayan Dakta ɗari bisa ɗari. Sannan Malam Bala da ke cewa abin bai zo nan ba, hanyar Malama Hadiza ta daɗe da zuwa, ba a asibiti ba ne kawai. Na'urar hannu ta TruScan da NAFDAC ta fara amfani da ita wajen 2010 don gano jabun magani, wannan ilimin ne a cikinta. A ɗora ta a kan ƙwayar magani, ko ta cikin ledarta, ta kwatanta da na asali ta ce ya yi ko bai yi ba.

Hadiza_Raman:
Haka ne Yallaɓai. Sai dai ƙwayar magani sinadari ɗaya ne ko biyu a cure wuri guda, siginarta kamar ihu take. Ƙwayar halitta kusan duk ruwa ce, da dubban sinadarai kowane ɗan kaɗan. Kuma lafiyayya da mai kansa kayan cikinsu iri ɗaya ne, yawan ne ya bambanta. In na ɗora maka layukan biyu da ido ba za ka raba su ba, sai kwamfuta ta yi lissafi. A nan ne ake yawan yaudarar kai: kwamfutar takan koyi bambancin ranar da aka yi awon, ko na farantin, mutum ya ɗauka kansa ta gano.

Tarihi_Madubi:
Shi wannan Raman ɗin Ba'indiye ne, C. V. Raman. A Kalkatta ya gano abin ranar 28 ga Fabrairu 1928, aka ba shi kyautar Nobel a 1930, kuma har yau Indiya na bikin ranar kimiyya a wannan rana. A ƙarƙashin mulkin mallaka fa, da kayan aiki masu sauƙi, da farko ma hasken rana yake tacewa. Mu me ya hana mu?

MalamFiziks:
A ƙara da K. S. Krishnan, wanda suka yi aikin tare amma kyautar ba ta haɗa da shi ba. Kuma a shekarar dai Landsberg da Mandelstam sun ga abu ɗaya a Mosko ba tare da sun san da nasa ba.

DanBirni01:
Me ya hana mu? Wuta mana. Na'urar Anti Hadiza ta kai dala dubu ɗari ko fiye, tana son sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Ƙwayoyin suna son zafi 37 dare da rana. A ɗauke wuta cikin dare, janareta ba mai, da safe ka zo ka yi musu jana'iza. Mu fara samun injin gashi da ke aiki shekara guda bai tsaya ba tukuna.

Issoufou_Damagaram:
Mu nan sai 2021 aka buɗe wurin gashi na farko a Yamai. Kafin nan sai dai a fita waje. Daga Damagaram kuwa tafiyar kusan kilomita 900 ce.

Musa_Leb:
@DanBirni01 gaskiya ka faɗa, amma ba duka ba. Injin ƙirgar jini da ke raba farin jini gida biyar, wanda ke manyan asibitocinmu, da watsuwar haske yake aiki. Ƙwayoyin na wucewa ɗaya bayan ɗaya ta gaban leza. Hasken da ya watse gaba yana nuna girma, wanda ya watse gefe yana nuna tarkacen ciki. Sau da yawa shi ke fara ɗaga mana tuta cewa akwai baƙin ƙwayoyi a jinin yaro, sai mu shafa a gilashi mu rina da Leishman mu duba, a tarar kansar jini ce. Bai taɓa ba da hukunci ba, amma yana cewa "duba nan". Kuma nau'in Sadiq, fitila ce da zaren gilashi da ƙaramin ma'aunin launi, ba leza mai tsada ba.

Maman_Zahra:
Ina da yara biyu masu lalurar zabiya, kullum fargabata kansar fata. Akwai irin wannan na fata?

Sadiq_Optics:
Akwai Hajiya. A Janairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wata na'urar hannu, DermaSensor, wadda ta samo asali daga aikin Irving Bigio na jami'ar Boston. Ana ɗora bakinta a kan tabon, ta haska, ta ce a ƙara bincike ko a sa ido. Tana kama yawancin masu kansar, amma kuma tana ɗaga hannu a kan tabo da yawa da ba komai ba ne. An yi ta ne don likitan da ba na fata ba ya san wanda zai tura gaba.

Dakta_Nafisa:
Maman Zahra, kar ki jira na'ura. Hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana, kuma duk gyambo ko ɓawon da ya yi wata guda bai warke ba, musamman a kunne, wuya, leɓe ko bayan hannu, a kai asibiti a tsinka.

Ga sauranmu masu baƙar fata kuma akwai wata tambaya. Sinadarin da ke ba fata launi yana shanye haske. A 2020 masu bincike a jami'ar Michigan sun nuna cewa 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini tana kasa gano ƙarancin iska a baƙaƙe kusan ninki uku fiye da farare. Ita ma da haske take aiki, kuma an yi shekaru ana amfani da ita kafin a ɗauki maganar da muhimmanci. Duk na'urar haske da za a kawo mana, tambayata ta farko ita ce a kan fatar wa aka gwada ta.

Tarihi_Madubi:
Abin mamaki kuma, ƙwayoyin da aka fi yin irin wannan bincike da su na baƙar mace ne. Henrietta Lacks, a asibitin Johns Hopkins na Baltimore aka ɗebi naman kansar bakin mahaifarta a 1951 ba da saninta ba. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, ƙwayoyin kuwa har yau suna hayayyafa da sunan HeLa. Malama Hadiza, kina aiki da su?

Hadiza_Raman:
Suna cikin firjinmu, amma na fi aiki da MCF-7, na kansar mama. Kuma wannan ma wani rauni ne na aikinmu da ya kamata a faɗa. Ƙwayar da ta shekara hamsin ko saba'in a faranti ta saba da faranti. Ba jijiyar jini a kusa da ita, ba sojojin jiki da ke farautarta. Tana raye, amma ba irin rayuwar da take yi a jikin mutum ba.

Ummu_Hanifa:
To ni yanzu me zan ce wa ƙanwata, ta yi gaskiya ko ba ta yi ba? Kuma makonnin jiran nan fa, ba abin da zai rage su?

Sadiq_Optics:
Ta yi gaskiya, ni a wajena. Kuma a tiyatar ƙwaƙwalwa an fara ganin saurin. A Montreal ta Kanada, Kevin Petrecca da Frédéric Leblond sun gwada wani alƙalamin Raman a 2015 da likita ke taɓa ƙwaƙwalwa da shi ana cikin aiki. A 2020 kuma su Daniel Orringer suka nuna a marasa lafiya 278 cewa hoton Raman na ɗanyen nama haɗe da kwamfuta yana ba da amsa cikin ƙasa da minti uku, kuma dacewarsa ta yi kunnen doki da ta likitocin nama.

Dakta_Nafisa:
Rabin gaskiya, ni a wajena. A wancan aikin na 2020 ai sai da aka yanko naman, kuma da me aka auna dacewar? Da sakamakon ƙarshe na likitan nama. Sannan Yaya, makonnin da kike jira ba ilimin ne ke cin su ba. Sarrafa ƙaramin nama kwana biyu zuwa uku ne. Sauran layi ne: mu kaɗan ne, samfur na zuwa daga jihohi, wani lokaci sinadari ya yanke, wani lokaci kwalbar ta kwana a aljihun ɗan uwan mara lafiya yana neman kuɗin biya.

Bala_SabonGari:
Ni dai har yanzu gani ya kori ji. Ranar da na ga likita ya haska ya ce je ka gida lafiyarka lau, kuma ya yarda ya sa hannu a takarda, sai mu yi magana.

Nas_Rakiya:
Malam Bala, mu ai kullum muna sa hannu da ruwan kal da tocila. Sadiq, tambaya: irin taku ta fitila da zaren gilashi, tana aiki da batir? Kuma in jini ya ɓata bakinta, da me ake wanke ta kafin mace ta gaba?

Musa_Leb:
Da kuma wa zai gyara ta in ta lalace. Namu injin ƙirgar jinin sai injiniya ya taso daga Legas.